Allurar Kashe Jijiya a Tiyatar Kwatangwalo: Amincinta da Haɗurranta ga Majinyatan Sahuda da Kewayen Mubi

Tsakure

Wannan takarda ta duba allurar da ake yi a kusa da jijiyoyin ji domin kashe zafin kwatangwalo, ko dai bayan karaya ko lokacin tiyata, ta kuma auna amfaninta da haɗurranta da ma'aunin majinyacin da ke fitowa daga Sahuda da ƙauyukan kan iyakar Mubi. Matsayinta shi ne allurar tana da aminci, kuma wuri irin wannan ya fi manyan birane bukatarta, amma amincin nata ya rataya ne a kan lissafin magani gwargwadon nauyin jiki, da sa ido a kan majinyaci bayan an cire allura, da ajiye maganin ceto a kusa. Saboda haka ta fifita allurar da ba ta da zurfi ga ƙananan asibitoci, ta bar masu zurfi ga asibitocin koyarwa.

Gabatarwa

Sahuda gari ne na kan iyakar Nijeriya da Kamaru a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, a gindin duwatsun Mandara, inda Gude da Fali da Fulani da Hausawa suke cuɗanya ta hanyar noma da kiwo da fatauci. Wanda ya karye a kwatangwalo a wannan yanki, asibitin gwamnati na Mubi ne zangonsa na farko, idan kuma aikin ya bukaci sauya kan ƙashi ko dasa ƙarfe na musamman, sau da yawa sai an miƙa shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, tafiyar kimanin kilomita 200 ta Hong da Gombi da Song, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wasu ma har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kowane rami da mota za ta faɗa a wannan hanya, a jikin karyayyen ƙashi yake sauka.

Masu zuwa tiyatar kwatangwalo a nan iri uku ne. Akwai tsofaffi, galibi mata, waɗanda ƙashinsu ya yi rauni har zamewa a banɗaki ko a bakin rijiya ta isa ta karya wuyan ƙashin cinya. Ana gane su tun daga ƙofa, domin ƙafar da ta karye takan gajarce ta kuma juya waje, mai ita ba ta yarda a taɓa ko da zanen da aka lulluɓe ta da shi. Akwai matasa da hatsarin babur ko na mota ya ragargaza. Sannan akwai masu cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, waɗanda toshewar ƙananan hanyoyin jini ke kashe musu kan ƙashin cinya tun suna da ƙuruciya. Da yawa daga cikin rukuni biyu na farko ba sa isowa sai bayan kwanaki ko makonni a hannun masu ɗori, sun bushe saboda ƙarancin ruwa, jininsu ya yi ƙasa, sun sha magunguna iri-iri da ba a rubuta a ko'ina ba. Wannan shi ne jikin da za a yi wa allurar, kuma da shi ya kamata a auna duk wata ƙididdiga da aka samo daga asibitocin Turai.

Abin da ake nufi da kashe jijiya

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa uku da likitanci ya rarrabe: jijiyar jini, da agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, da jijiyar ji, wato farin zaren da ke fitowa daga laka ya kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ya kuma dawo da umarnin motsi. Ta ukun ake nufi a wannan takarda. Bambancin yana da muhimmanci a bakin gadon majinyaci, domin dangin da aka ce musu za a kashe jijiya sukan ɗauka ƙafar za ta mutu har abada, alhali abin da ake yi shi ne a zuba magani a gefen jijiyar, ya toshe ƙananan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga cikinta, saƙon zafi ya kasa wucewa na wasu awoyi, sannan jiki ya kwashe maganin komai ya dawo yadda yake.

Aikin ya faro ne a 1884, lokacin da Karl Koller ya ɗiga hodar ibilis da aka narkar a idon majinyaci a birnin Biyana ya yi masa aiki ba tare da ya ji zafi ba, a wannan shekarar kuma William Halsted da Richard Hall suka fara zuba ta kusa da jijiyoyi a Niyok. August Bier ya yi allurar baya ta farko a Jamus a 1898. Magungunan da ake amfani da su yau sun zo daga baya: lidoken, wanda Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943, mai saurin kamawa da saurin sakewa, sai bufibaken da aka haɗa a 1957, mai daɗewa a jiki, wanda shi ne ginshiƙin aikin a asibitocin Nijeriya, sai rofibaken da ya shigo kasuwa a 1996, wanda bai kai bufibaken cutar da zuciya ba amma ya fi shi tsada.

Gaɓar kwatangwalo ba jijiya ɗaya ke kula da ita ba. Gabanta, inda mafi yawan zafin karaya ke fitowa, yana hannun jijiyar fimoral da ta obtureta da wani ƙaramin reshe mai taimaka mata, dukansu daga tarin jijiyoyin kugu. Bayanta kuwa rassan jijiyoyin ɗuwawu ne ke riƙe da shi, fatar gefen cinya da likita ke yankawa ita ma tana da tata jijiyar. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne allura ɗaya a gaban cinya tana rage zafi ƙwarai amma ba ta isa a yi tiyata da ita kaɗai ba, dole a haɗa ta da allurar baya ko da maganin sa barci. Binciken REGAIN da aka buga a 2021, wanda ya ƙunshi tsofaffi 1,600 a Amurka da Kanada, bai sami bambanci tsakanin allurar baya da sa barci ba wajen rayuwa ko komawa tafiya bayan kwana 60, saboda haka zaɓi tsakanin biyun ya koma ga halin majinyaci da kayan da ke ƙasa.

Hanyoyin allurar da zurfinsu

A 1973 Alon Winnie ya bayyana allurar da ake yi a gefen jijiyar fimoral da fatan maganin ya hau sama ya kama jijiyoyi uku a lokaci guda. A 1976 Chayen da abokan aikinsa suka bayyana wata da ake shiga ta baya, a ratsa tsokokin kugu har cikin tsokar da tarin jijiyoyin ke kwance a cikinta. A 1989 Bernard Dalens na Faransa ya kawo allurar fashiya iliyaka, wadda ya fara gwadawa a kan yara: fashiya iliyaka wani tantani ne mai ƙarfi da ya lulluɓe tsokar gaban kwatangwalo, jijiyar fimoral da ta gefen cinya suna ƙarƙashinsa, don haka idan aka zuba magani mai yawa a ƙarƙashin tantanin sai ya malala ya same su ba tare da bakin allura ya kusance su ba. Ta baya-bayan nan ita ce PENG, wadda likitocin Toronto suka bayyana a 2018, mai neman ƙananan rassan da ke shiga gaɓar kanta domin a kashe zafi a bar wa cinya ƙarfinta. Sai dai ba a yin ta sai da na'urar sikanin, kuma hujjojin da aka tara a kanta ba su kai na sauran yawa ba.

Ta Dalens ce ta fi dacewa da Mubi, kuma yadda ake yin ta ya nuna dalili. Majinyaci yana kwance rigingine kamar yadda aka kawo shi, ba a juya shi ba. Mai allura zai laluba tsinin ƙashin ƙugu na gaba da tudun ƙashin mara, ya ja layi tsakaninsu, ya kasa layin gida uku, ya sa alama kimanin santimita ɗaya ƙasa da inda kaso na waje ya haɗu da na tsakiya. Kafin ya soka sai ya ɗora yatsa a kan bugun babbar jijiyar jinin cinya ya tabbatar tana can ciki, nesa da alamarsa. Da allura mai dakusasshen baki zai shiga, hannunsa ya ji ta fasa tantani na farko, ya ƙara turawa kaɗan ya ji ta fasa na biyu, sannan ya ja sirinji baya ya duba ko jini ya biyo, ya zuba mililita biyar, ya sake ja, ya sake zubawa, har maganin ya ƙare. Cikin minti 15 zuwa 30 tsohuwar da ba ta yarda a taɓa zanenta ba takan bari a ɗaga ƙafar a ɗauke ta zuwa ɗakin hoto.

Amfanin bai tsaya ga jin daɗi ba. Nazarin Cochrane da Joanne Guay ta jagoranta, wanda aka sabunta a 2020, ya nuna cewa kashe jijiya ga masu karayar kwatangwalo yana rage zafin motsi cikin minti 30, yana rage ruɗewar hankali da ciwon huhu, yana kuma gaggauta ranar da majinyaci zai fara miƙewa. Idan aka tuna abin da ke madadinta a ƙananan asibitoci, wato fentazosin da taramadol masu sa tsoho maye da amai, da dikilofenak mai lalata ƙodar wanda ruwan jikinsa ya riga ya ƙare, za a ga hana majinyaci wannan allura shi ma haɗari ne, sai dai ba a rubuta shi a littafin kura-kurai.

Gubar maganin a cikin jini

Haɗari mafi girma shi ne maganin ya shiga jini da yawa, ko dai saboda bakin allura ya faɗa jijiyar jini, ko saboda abin da aka zuba ya fi ƙarfin jikin, jini ya tsotse shi a hankali. Maganin da ya toshe ƙofofin sodiyam a jijiyar cinya zai toshe su a ƙwaƙwalwa da zuciya idan ya isa can. Alamomin farko majinyaci ne kaɗai ke jin su: leɓɓa da harshe su yi nauyi, ɗanɗanon ƙarfe ya cika baki, kunne ya riƙa ƙara, jiri ya ɗebe shi, maganarsa ta sauya. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, sai suma, sai bugun zuciya ya rikice ko ya tsaya. Ba kullum alamomin ke bin wannan jeri ba, wani lokaci zuciya ce ke fara faɗuwa, kuma bufibaken yana maƙale wa tsokar zuciya ya ƙi saki, abin da George Albright ya ja hankalin likitoci a kai a 1979 bayan jerin tsayawar zuciya da aka sha wuyar farfaɗowa.

Ƙididdiga mafi amfani a nan ita ce ta Barrington da Kluger ta 2013 daga Ostareliya da Niyu Zilan, inda cikin allurai 25,336 aka sami gubar sau 22, wato ƙasa da ɗaya cikin dubu, kuma amfani da sikanin ya rage ta da kusan kashi biyu cikin uku. Adadin ƙarami ne, amma an samo shi ne a asibitocin da kowane majinyaci an auna nauyinsa, an maƙala masa na'urori, kuma maganin ceto yana bango. Bai halatta a ɗauko adadin a bar sharuɗɗan da suka haife shi a baya ba.

Sharaɗi na farko lissafi ne wanda ɗalibin sakandare zai iya yi, amma shi ne aka fi tsallakewa. Iyakar bufibaken da aka fi yarda da ita miligiram 2 ce ga kowane kilo na nauyin jiki. Ruwan magani mai ƙarfin kashi 0.25 cikin 100 yana ɗauke da miligiram 2.5 a kowace mililita, saboda haka mililita 40 da littattafai ke ambatawa ga baligi miligiram 100 ne. Tsohuwa ƴar Sahuda mai nauyin kilo 45 iyakarta miligiram 90, wato mililita 36 a mafi yawa, kuma tsufa da raunin hanta da na zuciya da ƙarancin furotin a jini suna kiran a sauko ƙasa da haka. Idan kuwa aka ɗauko kwalba mai ƙarfin kashi 0.5, wadda ita ce aka fi samu a kantin asibiti, aka zuba mililita 40 ba tare da an sirka ta da ruwan gishiri ba, an ba ta miligiram 200, fiye da ninki biyu na abin da jikinta zai ɗauka. Mai karayar kwatangwalo ba ya iya hawa sikeli, don haka nauyinsa ƙiyastawa ake yi, ido kuma yakan ƙara wa mutumin da ke cikin tufafi da bargo kilo. Ya fi aminci a ƙiyasta ƙasa. Haka nan duk lidoken da aka yi amfani da shi a fata, da wanda likitan tiyata zai zuba a bakin yanka, suna shiga lissafi ɗaya, domin gubarsu taruwa take yi. Matasa masu sikila, waɗanda yawancinsu ba su da jiki, suna bukatar irin wannan taka-tsantsan.

Sharaɗi na biyu harshe ne, kuma a kan iyaka ba ƙaramin al'amari ba ne. Tunda alamomin farko sai majinyaci ya faɗa ake sani, dole mai allura ya riƙa magana da shi yana zuba maganin, yana tambaya: «Baba, yaya bakinka, kana jin wani ɗanɗano?» ko «Inna, kunnenki yana ƙara?» Tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai, Gude ko Fali ko Fulatanci kawai take yi, ko wadda ta tsallako daga Kamaru, idan aka fitar da ɗanta waje aka bar ta da ma'aikacin da ba ya jin harshenta, an kashe ƙararrawar farko da hannu. Ƙari a kan haka, tarbiyyar dauriya da kunya, musamman a wurin dattawan Fulani, tana sa mutum ya ji abu ya yi shiru. Wajibi ne a tsayar da mai fassara a gefen kai, a gaya wa majinyaci tun kafin a fara cewa faɗin abin da ya ji taimako ne ga likita, kuma kada a ba shi maganin barci mai nauyin da zai rufe masa baki.

Sharaɗi na uku maganin ceto ne. A 1998 Guy Weinberg na Shikago ya nuna a jikin beraye cewa ruwan kitse da ake ciyar da marasa lafiya da shi ta jijiyar jini yana kare zuciya daga bufibaken, a 2006 kuma Meg Rosenblatt da abokan aikinta a Niyok suka ba da rahoton mutum na farko da aka ceto da shi bayan zuciyarsa ta tsaya. Ruwan, wanda aka fi sani da sunan Intralipid mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, yana jan maganin daga zuciya da ƙwaƙwalwa yana kuma ba tsokar zuciya abinci. Ana tura mililita 1.5 ga kowane kilo nan take, a bi da mililita 0.25 ga kowane kilo a kowane minti, a maimaita turawar idan zuciya ba ta daidaita ba, kada jimilla ta wuce mililita 12 ga kowane kilo. Ga mai kilo 50 turawar farko mililita 75 ce. Tare da haka a tsayar da allura, a ba da iskar oksijin, a kwantar da jijjiga da diyazefam ko midazolam, idan an bukaci adirenalin a ba da kaɗan-kaɗan ƙasa da yadda aka saba, a kuma daɗe ana danna ƙirji domin wannan zuciya guba ce ta riƙe ta. Furofofol, duk da fari ne kamar madara kuma da kitse a cikinsa, ba ya maye gurbin ruwan. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da gubar ta auku babu lokacin aiken ɗan'uwan majinyaci kasuwa neman magani, kuma ɗakin da babu wannan ruwa da oksijin da jakar hura numfashi a cikinsa bai cancanci a zuba mililita 30 na bufibaken a cikinsa ba.

Sauran haɗurra

Raunin jijiya shi ne abin da dangi suka fi tsoro, amma mai ɗorewa ba shi da yawa, ana ƙiyasta shi tsakanin 2 zuwa 4 cikin allurai 10,000, yawancin sagewar da ke biyo baya kuma tana washewa cikin makonni. Idan majinyaci ya ji zafi kamar wutar lantarki ta bi ƙafarsa, ko sirinji ya yi tauri ya ƙi turuwa, a tsaya a ja allura baya. Abin lura ga wannan yanki shi ne karayar kanta, da ɗaurin mai ɗori, da jan ƙafa a teburin tiyata, da ciwon suga, duk suna raunata jijiya. Idan ba a gwada ji da motsin ƙafa an rubuta kafin allura ba, duk abin da ya bayyana daga baya a kanta za a ɗora, labari ɗaya irin wannan kuma ya isa ya sa ƙauye guda ya guje ta.

Zurfi yana ƙara haɗari ƙwarai. A binciken Yves Auroy na Faransa da aka buga a 2002, cikin allurar tarin jijiyoyin kugu ta baya guda 394 kacal an sami tsayawar zuciya da ta kai ga mutuwa, da ɗaukewar numfashi sau biyu, da jijjiga sau ɗaya, galibi saboda maganin ya zarce zuwa kewayen laka. A wannan zurfi allura tana iya taɓa ƙoda, jini kuma yana iya zuba a bayan ciki inda ba a gani ba a kuma iya dannewa. Shi ya sa ƙa'idojin magungunan tsinka jini da suka shafi allurar baya suka shafe ta: a jira awa 12 bayan ƙaramin awon inoksafarin, awa 24 bayan babba, kwana 5 zuwa 7 bayan kilofidogirel. Allurar gaban cinya kuwa, ko jini ya fita, yatsa zai danne shi. Hukuncin wannan takarda shi ne allurar tarin jijiyoyin kugu ta baya ba aikin babban asibitin ƙaramar hukuma ba ce.

Akwai wani haɗari da nasarar allurar ce ke jawo shi. Zafi yana zaburar da numfashi, don haka tsohon da aka yi wa fentazosin ko mofin a hanya, zafin karaya ne ke riƙe da shi a farke. Da zarar allura ta ɗauke zafin sai maganin mayen ya yi rinjaye, numfashi ya yi ƙasa, masu jinya kuma su yi hamdala cewa Baba ya samu barci. A 2018 ƙungiyar likitocin gaggawa ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi bayan mutuwa irin wannan, ta ce a duba majinyaci a minti na 5 da na 10 da na 15 da na 30 bayan allura. Wannan rabin awa ita ce kuma lokacin da maganin ke kaiwa ƙololuwa a jini, saboda haka sa ido ɗaya yana tare haɗari biyu, kuma ba ya bukatar komai sai ma'aikaci a zaune da na'urar auna oksijin a yatsan majinyaci.

Kuskuren hannu shi ma yana da nasa kaso. Yin allura a ƙafar da ba ita ba ya sa asibitocin Ingila suka ɗauki al'adar tsayawa a sake duba alama da takardar yarda daidai lokacin da za a soka. Mafi muni shi ne musanyar kwalba: taranekzamik, maganin tsayar da jini da ake yawan amfani da shi a tiyatar kwatangwalo, kwalbarsa tana kama da ta bufibaken na allurar baya, idan kuma ya shiga ruwan laka yana haddasa jijjiga da rikicewar zuciya. Wani nazari na 2019 ya tattara aukuwa 21, mutum 10 daga ciki sun mutu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi gargaɗi a kai a 2022. Maganin wannan shi ne a raba ma'ajiyarsu, mutum biyu su karanta sunan kwalba da ƙarfi kafin a zuƙa. Bayan tiyata kuwa, tsokar gaban cinya takan yi sanyi na awoyi, gwiwa ta lanƙwashe ba zato. Majinyacin da ya ji zafi ya tafi, ya ƙi amfani da tasar fitsari saboda kunya, ya sulale zuwa banɗaki ko alwala cikin dare, yana iya faɗuwa a kan aikin da aka gama. Mai jinya, wanda a asibitocinmu shi ne ke kwana a gefen gado, shi ya fi cancanta a yi wa wannan gargaɗi da harshen da yake ji.

Allura kafin a kama hanyar Yola

Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta sa mizanin likita 5 ga mutum 100,000, Nijeriya kuwa ba ta kai 1 ba, kuma ƴan kaɗan ɗin suna manyan birane. A asibitocin ƙananan hukumomi na Arewa ma'aikatan jinya da suka ƙware a sa barci ne ke riƙe da ɗakin tiyata, don haka duk tsarin da ya ce sai likita da na'urar sikanin za a kashe jijiya, ya yanke hukuncin cewa tsohuwar Sahuda za ta yi tafiyar kilomita 200 da ɗanyen zafi. Allurar fashiya iliyaka ta laluben hannu an tsara ta ne nesa da jijiyar ji da ta jini, a Birtaniya ma'aikatan jinya da aka horar suna yin ta, babu dalilin da zai hana a horar da na Mubi a kanta ƙarƙashin kulawar likitocin Yola da Maiduguri. Sikanin yana ƙara dacewa yana rage guba, ya kamata a nema, amma rashinsa ba hujjar hanawa ba ne, samunsa kuma ba ya ɗauke ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan da aka ambata.

Idan za a yi allurar domin tafiya, kada mota ta tashi sai rabin awar sa ido ta cika, kanula tana hannu, ana ƙarin ruwa. Takardar miƙawa ta faɗi sunan maganin da ƙarfinsa da miligiram nawa da ƙarfe nawa aka yi, tare da duk maganin maye da aka bayar, domin asibitin da ya karɓa kada ya ɗora wani awon a kan na farko cikin rashin sani. Kowace allura kuma a shigar da ita littafi da abin da ya biyo bayanta, mai daɗi da marar daɗi, domin ta haka ne kawai Adamawa za ta mallaki ƙididdigar kanta.

Kiran wannan takarda ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Adamawa da shugabannin asibitocin da ke karɓar majinyatan Sahuda shi ne su sa ruwan kitse mai kashi 20 cikin 100 a jerin magungunan da ba a buɗe ɗakin tiyata sai da su, su rataye jadawalin awo gwargwadon kilo a bangon kowane ɗakin da ake wannan allura, su kuma tura ma'aikatan sa barci na Mubi horo a Yola kafin a ɗora musu aikin.